Horar da 'Yan Jarida Kan Sauyin Yanayi: Abin da Jega, Aliero da Maiyama Ke Bukata

A ƙarshen daminar shekarar 2020, tsakanin watan Agusta da Satumba, ambaliyar ruwa ta shafe fadamun Jihar Kebbi a daidai lokacin da shinkafa ta doshi nuna. Reshen jihar na Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Nijeriya ya bayyana a wancan lokaci cewa ruwa ya ci gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000, kuma manoman yankin Jega da Maiyama na cikin waɗanda abin ya shafa. Gidajen rediyo da talabijin da jaridu, na gida da na ƙetare, sun yi ta ba da labarin wannan asara har babu gidan da bai ji ba. Sai dai akwai wani labari da kan riga irin wannan fitowa, wanda ba kasafai yake samun irin wannan gata ba, wato hasashen damina da na ambaliya da hukumomin Gwamnatin Tarayya ke fitarwa kowace shekara tun kafin a yi shuka. Labarin asara yana isa kunnen manomi cikin yini guda, shi kuwa labarin gargaɗi yakan maƙale cikin kundi mai shafuka da yawa, sai bayan ruwa ya yi ɓarna a tuna da shi, a yi ihu bayan hari. Wannan giɓi ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a da shugabannin ƙananan hukumomi bayani game da horar da 'yan jarida kan sauyin yanayi, abin da ya kamata horon ya ƙunsa, da kuma yadda ya shafi aljihun mai shinkafa a Jega da mai albasa a Aliero.

Da farko ya kamata a san wanda muke nufi da ɗan jarida. Ba wakilan manyan jaridu da ke zaune a Birnin Kebbi kaɗai ba. A karkara, wanda ake ji shi ne mai gabatar da shirin noma a Rediyon Kebbi ko Equity FM ko Vision FM, da jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, da saurayin da ke watsa labarin garinsu a Facebook da WhatsApp, har ma da mai shelar uban ƙasa. Duk wanda jama'a ke karɓar labari daga bakinsu su yi aiki da shi, horon nan ya hau kansa.

Inda aka faro

Batun koya wa 'yan jarida ba da labarin sauyin yanayi ba a ƙasarmu aka fare shi ba. Ƙasashen da suka fi kowa ɗaga murya a kansa su ne ƙananan tsibirai masu tasowa da ke tsakiyar teku, domin su ruwan teku ne ke ƙaruwa yana cin ƙasarsu. A watan Oktoba na 2009 shugaban Maldibis na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa don ya jawo hankalin duniya, haka kuma a 2021 ministan harkokin wajen Tubalu, Simon Kofe, ya karanta jawabinsa ga taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya yana tsaye cikin teku, ruwa har gwiwa. Hukumar UNESCO ta fitar da littafin jagora ga 'yan jaridar Afirka kan wannan fanni a 2013, sannan ta fitar da wani ga na Asiya da tsibiran Tekun Fasifik a 2018. A nan gida kuma akwai cibiyoyi irin su CJID da ke Abuja waɗanda ke horar da masu aiko da rahotannin muhalli.

Mu ba mu da teku, amma muna da gulbi da fadama da tudu, kuma abincin shekara a kansu ya rataya. Abin da muka lura da shi game da yawancin tarurrukan horon da ake yi shi ne, da Turanci ake yin su, a otal-otal na manyan birane, kuma waɗanda ake gayyata su ne masu rubutu da Turanci. Mai shirin Hausa, wanda shi ne manomi ke saurare bayan sallar isha'i, shi ake bari a baya. Wanda ya samu zuwa kuma yakan dawo da sunayen yarjejeniyoyi da taruka, alhali mai sauraronsa tambaya ɗaya gare shi: in yi shuka yanzu ko in dakata?

Matsalar kalma

Abu na farko da horon zai warware shi ne harshe. Da kalmar yanayi muke kiran halin da sama take ciki yau ko gobe, da ita kuma muke kiran ɗabi'ar damina da rani ta wani yanki a tsawon zamani. Masana sun raba waɗannan biyun, kuma a wurinsu sai an duba lissafin shekaru 30 kafin a ce ga ɗabi'ar yanayin wuri. Saboda haka damina ɗaya da ta yi gardama ba ta isa a ce yanayi ya sauya ba, kamar yadda sanyin hunturu ɗaya mai tsanani bai isa a ce batun ɗumamar duniya ƙarya ne ba. Wani bincike da sashen ayyukan raya ƙasa na BBC da hukumar British Council suka gudanar a ƙasashen Afirka 10, har da Nijeriya, aka kuma wallafa a 2010, ya gano cewa mutanen karkara suna ganin sauyin da idonsu, amma kalmomin da masana ke amfani da su ba su da tsayayyar fassara a harsunan gida, don haka da yawa sukan ɗora laifin gaba ɗaya kan sare itatuwa a yankinsu.

Sare itace ɓarna ce, babu musu, yana kuma jawo zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Amma ba matar da ke neman itacen girki a Andarai ko Sabiyal ce ta ɗumama duniya ba. Babban dalili shi ne hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da iskar gas da ake ƙonawa tun farkon zamanin masana'antu, wanda ke taruwa a sama ya hana zafin rana fita. Kason Afirka baki ɗaya a wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce zafin duniya tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 1.1, kuma shekarar 2024 ta zarce duk waɗanda suka gabace ta zafi. Ɗan jaridar da ya fahimci wannan ba zai ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba, ba kuma zai ce masa babu abin da zai iya yi ba.

Akwai kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai, wanda ya kamata kowane mai gabatar da shiri ya iya bayaninsa cikin minti biyu. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun tashi da sanin cewa matsalar ƙasar nan ƙarancin ruwa ce. To, yaya aka yi yanzu ake kukan fari da ambaliya a damina ɗaya? Amsar ita ce iska mai zafi ta fi riƙe danshi, kusan ƙarin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya. Sai ruwan ya taru ya zubo da ƙarfi a lokaci guda, sa'annan ya ɗauke na kwanaki. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ana iya samun ruwan shekara cikakke a lissafi, amma gero ya ƙone a Yuli, shinkafa ta nutse a Satumba.

Karanta hasashe

A ganinmu nan ne zuciyar horon take, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yawanci a Janairu ko Fabrairu. A cikinsa akwai jadawalin ƙananan hukumomi, inda ake nuna lokacin da ake sa ran damina za ta kankama, lokacin da za ta ɗauke, tsawon kwanakinta, da yawan ruwan da ake tsammani, tare da gargaɗi kan wuraren da ruwa zai iya tsayawa a tsakiyar damina. Hukumar tana kuma fassara taƙaitaccen bayaninsa zuwa Hausa. Ita kuwa hukumar da ke sa ido kan koguna, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kafin damina ta yi nisa, tana kasa wurare zuwa masu babban haɗari, matsakaici da ƙarami. Waɗannan takardu kyauta ne, suna kan intanet. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai buɗe, ya nemo layin Jega da na Aliero da na Maiyama, ya faɗa wa jama'a da harshen da suke ji.

Yin hakan ba ƙaramin aiki ba ne, domin akwai ramuka. Idan hasashe ya ce damina za ta kankama a rana kaza, ba yana nufin ranar ce ruwan farko zai sauka ba. Ana nufin lokacin da ƙasa za ta samu laimar da za ta riƙe shuka. Ruwan farko na iya sauka makonni kafin nan, manomi ya yi ɗoki ya zuba iri, rana ta ƙone shi, ya koma neman wani irin da bashi. Mai ba da labarin da bai san wannan bambanci ba zai iya sa mutane asarar iri da bakinsa. Haka kuma ranar da aka rubuta ba alƙawari ba ce, akwai 'yan kwanaki gaba ko baya, kuma wajibi ne a faɗi hakan a fili. Duk wanda ya ce wa manoma ruwa zai sauka ranar Talata babu makawa, Talata ta wuce babu ko gajimare, to ya kashe kasuwar hasashe a wannan ƙauye na shekaru.

Sai batun ma'auni. Milimita ba ta da ma'ana a kunnen yawancin masu sauraro. Amma idan aka ce milimita 1 daidai take da lita 1 ta ruwa a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, to ruwan milimita 20 ya zama jarka guda mai lita 20 an juye a kan ɗan wannan fili, kowa ya gane. Hekta 1 kuwa eka biyu da rabi ce, kusan. Irin wannan juyi shi ake koyo ta hanyar gwaji, a ba ɗalibi shafi ɗaya na hasashe a ce ya mayar da shi sanarwar minti ɗaya, a kira manomi ya saurara ya faɗi abin da ya fahimta.

Ba mu manta da masu ganin cewa hasashe shiga ilimin gaibu ne ba. Bai kamata ɗan jarida ya yi musu ba'a ko ya kauce wa zancen ba. Ruwa na Allah ne, kuma mai hasashe alamu yake dubawa, kamar yadda manomi ke duban hadari a gabas ya kwashe shanya, ko dattijo ya ga shamuwa ta iso ya ce a gyara gona, ko malami ya ƙirga taurarin damina. Bambancin kawai shi ne na'urori da tauraron ɗan'adam suna hango nesa. Shirin da ya zaunar da malamin gona da limami da tsohon manomi wuri ɗaya ya fi wanda aka karanta takarda kawai shiga jiki.

Ba komai ne sauyin yanayi ba

Akwai wata cuta da kan kama wanda ya fito daga horo sabo-sabo, wato ya riƙa jingina kowace masifa ga sauyin yanayi. Wannan yana da daɗi ga duk wanda ya yi sakaci, domin laifi ya koma sama. Idan unguwa ta cika da ruwa saboda an toshe magudana da shara, ko an yi gini a kan hanyar ruwa, ko kwalbati ya yi ƙanƙanta, sai a faɗi haka. Mai yiwuwa ruwan ya fi na da ƙarfi, amma magudanar hannun mutum ce ta toshe ta.

Sanin ƙasa ma yana cikin horon. Da zarar an yi ambaliya a jihar nan sai a ji ana cewa an saki ruwan dam. Gaskiya ne madatsar Goronyo da ke kan Gulbin Rima da ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato suna shafar fadamun Argungu da Birnin Kebbi, kuma ba a manta da ambaliyar 2010 ba. Amma garin Jega a bakin Gulbin Zamfara yake, wanda ke gangarowa ta Gummi, sai can gaba da Jega yake haɗuwa da babban gulbin. Don haka wakilin da ke son ya gargaɗi mutanen Jega sai ya san abin da ke faruwa a sama, wajen Gummi da Anka, ya kuma mallaki lambar wani a can da zai ce masa gulbi ya cika. Wayar minti ɗaya daga sama tana iya ba mutanen ƙasa damar kwashe buhunansu da dabbobinsu.

Albasa ta fi kowane misali nuna bukatar taka-tsantsan. Aliero ta yi suna da ita a faɗin ƙasar nan da maƙwabta. Amfani ne da ke son sanyin hunturu lokacin girma, ba ya son yawan laima a wurin rainon iri, kuma bayan an cire ta ana adana ta a rudu watanni ana jiran farashi ya tashi, inda zafi da danshi ke sa ta ruɓe. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai yanayi na iya taɓa shi. To amma idan albasa ta lalace a wata shekara, dalilin na iya zama gurɓataccen iri, ko cutar da manoma ke kira ɗanzazzalau, ko tsadar man injin ban-ruwa tun bayan cire tallafin fetur a 2023 wadda ta sa wasu rage shayarwa. Ɗan jarida ba shi ne zai yanke hukunci ba. Aikinsa ya ɗauki tambayar ya kai wa masu ita, kuma ba sai ya yi nisa ba, tunda jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, a cikin Aliero take, da malaman aikin gona a cikinta. Abin mamaki ne a ce masani yana bayan katanga, manomi yana gaban katanga, babu mai haɗa su.

Haka batun yake a fannin lafiya. A watan Maris na 2025 cutar sanƙarau ta ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, aka rasa rayuka. An daɗe da sanin cewa wannan cuta ta fi yaɗuwa a lokacin zafi da ƙura da cunkoso a ɗaki, amma ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma akwai rigakafi da magani. Rahoton da ya tsaya kan cewa zafi ya yi yawa bai ceci kowa ba. Wanda ya faɗi alamomin cutar, da inda ake allura, da muhimmancin garzayawa asibiti, shi ne ya yi aiki.

Kuɗi da haƙƙin tambaya

Nijeriya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamba na 2021. Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Ganuwar Itatuwa da ake yi don tare hamada, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da ke cin gajiyar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da lamunin dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Lamuni bashi ne, jama'a za su biya. Saboda haka ɗan jaridar da aka horar zai tambayi itace nawa aka dasa, sa'annan ya koma bayan rani ya ƙirga nawa suka rayu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi damar nema a rubuce.

A nan muke jan hankalin 'yan'uwanmu ma'aikata, shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli, daraktocin gona da na lafiya, da uwayen ƙasa da hakimai. Wakilin da ya zo da tambaya ba abokin gaba ba ne. Jami'in da ya ɓoye adadin gidajen da suka rushe don kada a ce yankinsa ya gaza, da wanda ya kumbura adadin don kayan agaji su yi yawa, duk sun cuci jama'a, domin hukumomin agaji da wannan lissafi suke aiki, kuma da zarar an kama ƙarya sau ɗaya, gaskiyar baɗi ma ba za a yarda da ita ba. Su ma 'yan jarida, karɓar na goro daga hannun wanda ake bincike a kansa yana rufe baki, kuma babu horon da zai gyara wanda bai bar wannan ba.

Game da lokacin da ya dace a yi horon, kalandar noma ce za ta faɗa. Zama na farko ya kasance a Fabrairu ko Maris, da zarar hasashen NiMet ya fito, kafin masu binne su zuba iri. Na biyu a Yuli, kafin marka, a kan gulbi da hanyoyin ruwa da wuraren da jama'a za su koma idan ta ɓaci. Na uku a ƙarshen damina domin masu albasa da sauran noman rani. Ba a bukatar otal, ɗakin taron sakatariya ya isa, kuma ya kamata a sa mata masu gabatar da shirye-shirye a ciki, tunda su ke iya shiga gidaje su ji ta bakin masu surfe da masu kiwon awaki. Ƙaramar hukumar da ke son ta fara tun bana tana iya kafa ma'aunin ruwan sama guda a sakatariya ko a wata makarantar sakandare, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba shi kowace safiya a lokaci ɗaya, ya rubuta a littafi, jami'in yaɗa labarai kuma ya aika wa gidan rediyo adadin duk ranar kasuwa, a karanta shi tare da farashin hatsi da na albasa.